Ƙanin Nariya

Ƙofar bas ɗin ta kusa datse bokitin. Tuyara ta tokare ta da kafaɗa, ta tura 'yarta Nariya ciki da gwiwa, ta jawo jakar kayansu da hannu ɗaya, sannan ta shigo da bokitin a rungume kamar mai ɗauke da jariri.

"Ke baiwar Allah, wannan kuma fa?" in ji kwandastar, wata mata mai jiki da ta naɗe wuyanta da mayafin ulu har ba a ganin haɓarta. "Itacen girki za ki kai wa wani? Tsinke guda?"

"Ba tsinke ba ne," Nariya ta faɗa daga can cikin hularta. "Ƙanena ne."

"Au, ƙaninki ne? To ai sai ki biya masa kuɗin mota."

"Bai isa biya ba tukuna," in ji Tuyara. "Ko haƙori bai fitar ba."

Na kusa da su suka yi dariya. Wani dattijo ya tashi ya ba su wuri. Tuyara ta zaunar da yarinyar a cinyarta, ta matse bokitin tsakanin ƙafafunta, ta kai hannu ta shafa aljihun rigar sanyinta. Maganin shaƙa na fukar Nariya yana nan. Tun fitowarsu daga ɗaki take ta shafa aljihun nan, kuma ta san ba za ta daina ba.

Ɗan itacen tiit ne a cikin bokitin, tsawonsa bai wuce kamu guda ba. Mijinta Micil ne ya tono shi a bayan gidansu na ƙauyen Arilah, daidai inda gobarar dajin bara ta tsaya, ya ƙetaro kogi da shi a farkon bazara ya kawo wa 'yarsa. A lokacin yana lulluɓe da siraran ganyensa masu kama da allura, kore shar, da laushi kamar gashin ɗan kyanwa. Nariya ta ajiye shi a bakin taga, tana ba shi ruwa da kofin shayinta, tana ba shi labarin asibiti. Da sanyi ya fara shigowa sai ganyen ya koma rawaya, ya yi ta zuba. Yanzu 'yan kaɗan ne suka rage a can sama.

"Inna, duba, wani ya sake faɗuwa."

"Na gani. Rufe bakinki da mayafi."

"Ciwo yake yi kamar ni?"

"Barci zai yi. Na gaya miki duk tiit haka suke. Gyara mayafin nan na ce."

Nariya ta gyara mayafin, amma ba ta yarda ba. Ta bar Arilah tana 'yar ƙarama, kuma abin da kawai ta riƙe na daji shi ne hayaƙi.

Yau ce ranar. An faɗa a rediyo cewa jirgin fito zai yi ƙetarawarsa ta ƙarshe da tsakar rana. Tsohuwa, kamar yadda kowa ke kiran babban kogin don ba a ambatar sunanta gatsau, ta fara tara ƙanƙara a gefe-gefe. Daga yau ba jirgi ba mota, har sai ruwan ya daskare ya yi ƙarfin ɗaukar taya, kuma wannan sai an yi makonni. Na tsallake ya zauna a tsallake, na birni ya zauna a birni. Tuyara ta haɗa kaya tun shekaranjiya, ta soya waina da man shanu ta naɗe a tsumma. Abin da ya rage kawai likita ta saurari ƙirjin Nariya ta ce su tafi.

Kuma ko ba don kanta ba, ai ga itacen. Tiit ba ya yin hunturu a ɗaki. In ka bar shi kusa da bututun ɗumama, ba zai samu barci ba; zai farka a tsakiyar sanyi, ya fitar da ganye mara ƙwari, ya bushe a tsaye. Sai an sa shi a ƙasa, dusar ƙanƙara ta rufe shi, sanyi ya yi masa dukan da ya saba. Haka ta gaya wa Micil a waya, haka ta gaya wa matar da suke haya a gidanta, haka take gaya wa kanta kullum in tana wanke-wanke: saboda itacen nan dole mu je gida.

A asibitin yara layi ya yi tsawo. Ta cire wa Nariya hula da riga ta sama don kar ta yi gumi, ta naɗe su ta ɗora a kan jaka. Yarinyar ta jingina da ita tana kaɗa ƙafa.

"Inna, ba ni labarin dazukan Baba."

"Na jiya bai ishe ki ba?"

"Fara daga na bayan gida."

Tuyara ta dubi tagar da aka liƙe da takarda saboda sanyi. Ba abin da ake gani sai bangon wani gini da bututai.

"Na bayan gida na tiit ne, dangin ƙaninki. Ba sa matse juna, rana tana sauka har ƙasa. In kin tsuguna, jajayen 'ya'yan itacen nan masu tsami sun cika ko'ina, kina tsinka kina ci har haƙoranki su mutu. Kafin sanyi ya shigo kuwa, duk dajin sai ya koma kamar an zuba masa zinariya, kina tafiya ganyen yana zubo miki a ka."

"Sai kuma na tudu."

"To ai kin san labarin, ki ba ni mana."

"A'a, ke."

"Na tudu na bes ne, a kan yashi. Su ba sa tuɓewa, rani da hunturu kore suke. Ƙasan wurin busasshe, da farar gansakuka mai ƙaras-ƙaras in ka taka. Iskar wurin ƙamshin ƙaro take yi. Can kakata take kai mu in muna tari, ta zaunar da mu a kan kututture ta ce mu buɗe baki."

"Wanda nake tsoro fa?"

"Na bakin rafi? Me za ki tsorata? Duhu ne kawai. Itatuwan wurin dogaye ne, rassansu har ƙasa, ba sa barin rana ta shiga. Ko a tsakiyar bazara in kika cusa hannu ƙarƙashin gansakuka, ƙanƙara za ki taɓa. Can ne babanki ya faɗa rami har ƙugu ranar da ya fara zuwa zance wurina, wai zai nuna mini gajeriyar hanya."

Nariya ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar ta ƙare da ɗan tari. Hannun Tuyara ya riga ya kai aljihu kafin tarin ya wuce. Ba ta ba ta labarin dajin da ya ƙone ba, inda Micil ya ce fararen itatuwa masu ɓawo kamar takarda sun fara tsirowa a cikin toka. Ita kanta ba ta gan shi ba tukuna.

Dakta Lidiya doguwar dattijuwa ce mai furfura, ba 'yar ƙasar ba ce, daga can yamma aka turo ta tun tana budurwa. Ta ɗumama abin sauraron ƙirji a tafin hannunta kafin ta ɗora wa yarinyar.

"Ja numfashi, 'yar tsuntsuwata. Saki. Sake ja. Yawwa."

Ta daɗe tana sauraro, ta koma baya, ta dawo gaba, ta sake komawa ƙasan haƙarƙarin hagu. Tuyara ta kafa wa fuskarta ido tana neman abin da za ta karanta, ba ta samu komai ba.

"Ki saurari ƙanena ma," in ji Nariya, ta nuna bokitin.

Likitar ta sunkuya ba tare da ko murmushi ba, ta ɗora abin a jikin ɗan itacen, ta lumshe ido.

"Wannan barci yake yi. Har da minshari."

"Bai mutu ba?"

"Ke ma kin yi irin wautata kenan." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "A garinmu daji ba ya tuɓewa. Baƙi ne, mai kauri, itatuwan suna yin 'ya'ya masu ɓawo da muke fasawa da haƙori a bakin murhu. Shekarar da aka kawo ni nan, cikin hunturu na sauka. Na leƙa ta tagar jirgi na ga daji har iyakar gani, tsirara, ba ganye ko ɗaya. Na ce wayyo ni, an turo ni ƙasar da itatuwanta suka mutu kaf. Kuka na yi sosai. Sai da bazara ta zo, wata safiya na fito na ga duk duniya ta yi kore, na ji kunya ta kama ni."

"Kin taɓa komawa can, Dakta?" Tuyara ta tambaya.

"Kullum ina shirin komawa." Ta zauna, ta cire tabarau. "To, uwar Nariya. Ƙirjin ya fi na bara kyau nesa ba kusa ba, wannan ba zan ɓoye miki ba. Amma akwai wata 'yar ƙara siririya a ƙasan hagu, kamar kukan ɗan tsako, ba ta tafi ba tukuna. Na ga jaka. Tsallake za ku?"

"In kin ce mu je."

"Da me kuke ɗumama gida?"

"Murhun itace. Amma babanta ya gyara bututun hayaƙin, ya share shi tas. Kuma akwai dajin bes a wurinmu, kakata takan..."

"Kakarki ta san abin da take yi. In bazara ta zo, ni da bakina zan ce ki kai ta ta zauna a kan kututture. Matsalata ba daji ba ce, kogi ne." Ta dubi Nariya da ke ƙirga ganyen da ya rage, ta rage murya. "Ba zan hana ki ba, 'yarki ce. Wataƙila ku yi hunturun nan lafiya lau. Wataƙila fukar ta tashi, maganin shaƙa ya kwantar da ita. In bai kwantar ba, babu hanya sai jirgi mai saukar ungulu, shi kuma kin fi ni sani, in hazon sanyi ya sauka ba ya tashi. In kin jira ƙanƙara ta yi ƙarfi, mota tana zuwa tana dawowa, sai ku je ku yi kwanakinku hankalina kwance."

"Da ke ce, Dakta, me za ki yi?"

"Ni da har yau ban kai kaina gida ba? Kar ki tambaye ni."

A waje Tuyara ta tsaya a bakin titi. Bas ɗin komawa ɗaki yana tsayawa a wannan gefen, ƙaramar motar da ke zuwa mashigar jirgi tana ɗaya gefen. Ta gyara wa Nariya mayafi, ta ɗauki bokiti, ta tsallaka titi. Likita ba ta hana ba, ta ce a ranta. Da bakinta ta ce ba za ta hana ba.

Suna cikin motar waya ta yi ƙara.

"Uwar Nariya, me ta ce?" Muryar Micil tana haɗe da ƙarar inji.

"Ta ce ƙirjin ya fi na bara kyau nesa ba kusa ba."

Ya yi wani ihu har matar da ke kusa da ita ta juyo. "Na faɗa! Ban faɗa ba? Ji nan, tun jiya nake hura murhu ƙofa a buɗe don duk wani wari ya fita. Na wanke labule da hannuna."

"Wane labule?"

"Na falo. Ya ɗan shige, yanzu bai kai ƙasan taga ba, amma fes yake."

"Micil, a ruwan zafi ka sa shi?"

"Wa ya gaya mini ba a sawa? Ke dai ki zo ki yi faɗan a gabana, na gaji da jin sa ta waya. Iya ta kaɗa kirim da jajayen 'ya'yan nan, ta hana kowa taɓawa. Kuma ki gaya wa hajjaju ƙarama ramin ƙaninta yana nan, na haƙa tun ƙasa ba ta daskare ba, na rufe da ciyawa. Ina hanya yanzu, kafin jirgi ya iso ina bakin ruwa."

Sauran maganar likitar tana bakinta. Ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana cewa, "Ka sa hula, na san halinka."

A mashigar jirgi motoci sun yi layi har kan tudu, manya da ƙanana, kowa na son ya shiga kafin a rufe. Ba ta sha wahalar gane motar Arilah ba, tsohuwar mai launin toka da aka ɗaure wa buhunan gari a sama. Direbanta, Kawu Bahilai, abokin marigayi mahaifinta ne. Yana hango ta ya cire sigari daga baki ya jefar nesa, ya kaɗa hayaƙin da hannu.

"Kai, kai, kai! Wa nake gani? 'Yar birni! Ashe kin tuna hanya?"

"Ina wuni, Kawu. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, sai dai mijinki da ya addabi gari. Tun makon jiya yake ce mini in ajiye kujerar bayan direba, kar kowa ya zauna. Ko buhu na ɗora sai ya sauke. Ke kuma amaryata, kin girma haka ba ki neme ni ba? Wani kika samu a birni?"

"Kai tsoho ne," in ji Nariya, ta ɓuya a bayan uwarta.

"Kun ji ko? Iyayin 'yan birni har ya kama ta."

Ya ja ƙofar motar. Matan ƙauyen da suka zo sayayyar hunturu suka yi ca da gaisuwa, wannan ta ja kumatun Nariya, waccan ta ce Tuyara ta rame, ruwan famfo ne bai karɓe ta ba, ta zo ta sha shayin ƙanƙarar tafki ta ga yadda za ta murmure. Tuyara tana amsawa, amma hankalinta ba ya kan maganar. Warin da ya fito daga cikin motar ne ya tsayar da ita: busasshiyar ciyawa, madarar shanu, jiƙaƙƙen gashin kare, da hayaƙin itacen tiit da ya kama rigunan matan. Ta ja shi har cikin ciki. Ta dafa ƙofar motar.

Can tsallake, bayan faɗin ruwan da ƙanƙara ke yawo a kansa falle-falle, dajin ya miƙe a gindin sama. Tiit sun riga sun tuɓe, sun yi launin toka kamar hayaƙi mai kwanciya, sai wani dogon zare kore mai duhu a kan tudu inda bes suke. Daga nan ma ta san wurin. Bayan wancan tudun hanya take karkata hagu.

"Ku je ku gai da Tsohuwa, an kusa fara shiga," in ji Kawu Bahilai.

Ta kwance tsumman waina ta kama hannun Nariya suka gangara bakin ruwa. Matafiya sun riga sun ajiye wa kogin nasu a kan duwatsu kamar yadda aka saba kafin a ƙetara, nan ɗaya can biyu, wasu har sun daskare. Iskar kogin ta fi ta tudu kaifi. Nariya ta ga ƙanƙara na karo da juna tana ƙara kamar ana fasa kwalabe, ta ƙwace hannunta ta ruga tana tsalle, mayafin ya zame daga bakinta.

"Nariya! Dawo nan!"

Ta dawo tana dariya. Sai tari ɗaya, sai na biyu. Na ukun bai fita ba, ya tsaya a ƙirji. Yarinyar ta dafa gwiwoyinta, kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka, ƙarar nan siririya tana fita har Tuyara na jin ta ba tare da wani abin sauraro ba.

Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta juya wa iska baya, ta buɗe rigar sanyinta ta shigar da yarinyar ciki, ta cire safar hannu da haƙori, ta girgiza maganin.

"Kalle ni. Ni za ki kalla. Fitar da iska. Yanzu ja, a hankali. Riƙe. Yawwa, 'yar albarka. Sake."

Ta ji ƙirjin yana bugawa a jikin nata. Tana durƙushe a kan duwatsun nan ta tuna ranar da suka bar Arilah. Tsakar rana ce amma sai da aka kunna fitila, hayaƙi ya rufe rana, toka na sauka a kan rufin gidaje. Micil yana can bakin wuta tare da sauran maza. Leɓen Nariya ya koma shuɗi, maganin da nas ɗin ƙauye ta ba ta bai yi komai ba. Kawu Bahilai ne ya ɗauko su a wannan motar, ya yi ta danna ham har aka ba shi hanya, suka samu jirgi yana shirin tashi. Ta sha tuna ranar nan, amma sai yau ta ga abin da ya cece su. A ranar akwai jirgi.

Numfashin ya fara sauka. Ƙarar ta ragu, ta ragu, ta ɓace. Nariya ta ɗago kai daga cikin rigar, idonta da ƙwalla.

"Ya wuce, Inna. Kar ki gaya wa Kawu, zai ce ba za mu je ba."

Tuyara ta ɗaure mata mayafin, ta ɗaure shi da kyau. Ta ɗauke ta suka hau tudu. An fara tada injuna, motocin gaba suna gangarawa cikin jirgi.

"Ku shigo, ku shigo," Kawu Bahilai yana kira. Sai ya ga fuskarta. Ya dubi yarinyar, ya dubi maganin da ke hannunta har yanzu. Shi ne ya tuƙa su a waccan ranar, bai bukaci bayani ba.

"Kawu, sauke mini jakata."

Ya sauke mata.

Tuyara ta tsuguna a gaban bokitin ta jawo 'yarta.

"Ji nan. Mu ba yau za mu tafi ba. Sai Tsohuwa ta daskare, mu bi ta kanta da mota. Amma ƙaninki ba zai iya jira ba. In ya zauna da mu a ɗaki mai zafi, a nan ne zai yi ciwo na gaske."

"Ya riga ya mutu ai!" Nariya ta fashe da kuka. "Kuna ta cewa barci, barci, ga shi duk ya zube!"

"Daina kukan, zai tada miki tari. Kawo yatsanki."

Ta kankare ɓawon wani ɗan reshe da farce, kaɗan kawai. A ƙarƙashi kore ne shar, da danshi. Ta ɗora yatsan yarinyar a wurin, sannan ta bi da shi a kan 'yan ƙulle-ƙullen da ke jere a jikin reshen.

"Kin ji su? Ganyen baɗi ne a ciki, a naɗe. Sanyi suke jira. In bai sha sanyi ba, ba za su buɗe ba."

Nariya ta shinshina yatsanta. "Yana warin Baba."

"Ƙaro ne."

"Shi kaɗai zai tafi?"

"Ni fa, ba mutum ba ne?" in ji Kawu Bahilai. "Kawo surukin nawa nan. Kujerar bayan direba ma zan ba shi, in ga wanda zai sauke shi."

Ya ɗora bokitin a kan kujerar da aka ajiye musu, ya zagaya shi da bel ya ɗaure. Wata daga cikin matan ta cire ɗankwalinta ta tokare gefen don kar ya karkace. Tuyara ta buɗe jaka ta ciro safar ulu da ta saƙa wa Micil da ganyen shayin da ta saya wa surukarta, ta miƙa.

"Inna, waina!" in ji Nariya. "Ba a ajiye masa ba. Shi ne zai ƙetara."

Gaskiyarta. Tuyara ta bar ta a hannun Kawu, a inda mota ta kare iska, ta gangara da sauri ita kaɗai. Ta ajiye waina a kan wani faffaɗan dutse, ta shafa dutsen da tafin hannu. Ba ta san abin da za ta ce ba, sai ta ce, "Ki kai shi lafiya, Tsohuwa. Ki kuma yi sauri ki daskare."

Suna tsaye a jikin rumfar masu jira jirgin ya janye, yana ture ƙanƙara da ƙirji. Motar Arilah ta ƙanƙance a cikin sauran motoci har ba a bambance ta. Sai da ya kai tsakiyar kogi waya ta yi ƙara.

"Ga shi nan, ina hango shi!" in ji Micil. "Ku fito daga mota ku tsaya a gaba. Ɗaga ta sama in ga jar hular nan."

"Micil."

"Kuna wane gefe?"

"Micil, ka duba kujerar bayan direba in sun iso. Ka sa shi a ramin yau ɗin nan, kar ka bari ya kwana a cikin gida. Ka tara masa dusar ƙanƙara a gindi."

Tana jin iskar tsallake tana busawa a cikin wayar.

"Fukar ta tashi ne?" ya tambaya a hankali.

"A bakin ruwa. Ta kwanta, lafiyarta ƙalau yanzu. Ga ta nan tana jin ka."

"To." Ya yi gyaran murya. "To, kin yi daidai. Kirim ɗin Iya sai in sa a rumbun ƙanƙara, ba abin da zai same shi." Can ya ƙara da cewa, "Labulen ma ya samu lokacin da zai miƙe."

"Ba zai miƙe ba, Micil."

"Na sani."

Bas ɗin da suka samu na komawa cikin gari shi ne na safe. Fitilun titi sun fara kamawa duk da rana ba ta gama faɗuwa ba. Kwandastar ta dubi jaka, ta dubi hannun Tuyara, ta dubi ƙasan kujera.

"Ke mai jar hula, ina ƙanin naki?"

"Ya tafi gida," in ji Nariya.

"Ya tafi ya bar ku? Ku fa?"

"Mu sai Tsohuwa ta daskare."

Matar ta gyaɗa kai ta wuce gaba. Ba a jima ba yarinyar ta yi barci, numfashinta na fita sumul a cikin mayafi. Tuyara ta saurara har ta gamsu, sannan ta gyara zama. Ƙafafunta suna nan a matse kamar har yanzu akwai bokiti a tsakani. A naɗin hannun rigarta ta ga wasu 'yan siraran ganye rawaya sun maƙale. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a aljihun da maganin shaƙa yake.